Biyan kuɗi da ɗora kati a kan POS

Ɗan Samaru: Jama'a, a Sabon Gari ana biya da ɗora kati kawai, babu PIN. In aka sace katin fa?

Malamin Tudun Wada: Cif ɗin katin, wato 'yar na'urar da ke cikinsa, yana fitar da sabuwar lambar tsaro a kowane ciniki, kwafarta ba ta da amfani. Tun 2023 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade abin da za a iya biya da ɗora kati babu PIN: naira 15,000 a ciniki ɗaya, 50,000 a yini. Ya wuce haka, sai PIN.

Yayar Ƙofar Doka: Ƙanena, layinka ya fi katin haɗari. Ɓarawo ya zare SIM ya sa a wata waya, OTP (lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙo) da USSD (lambobin da ake dannawa a waya don hulɗa da banki) sun koma hannunsa. Sa wa SIM ɗin PIN yau ɗin nan, ka haddace lambar toshe asusun bankinka.