Ƙanena ya samu sauƙi, amma wa zai yi magana a gaban likita?

Maman Hanifa, Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena tela ne a nan Agege. Bara ya samu taɓin hankali, aka kwantar da shi, yanzu alhamdulillahi ya dawo gida yana shan magani. Sai dai maganin yana sa shi barcin rana, hannu kuma na rawa, ya kasa zama kan keke. Malaminmu yana masa ruƙiyya, shi kuma Yaya ya ce a bar ƙwayoyin haka nan. To jami'ar walwalar jama'a ta asibitin ta kira mu zama, da likita, da malam in ya yarda, ta ce ƙanen nawa ne zai fara magana. Yaya ya ce raini ne, mara lafiya me ya sani? Ni dai zuciyata tana tare da matar nan. Me kuke gani?

Nas Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada a yanke magani kwatsam, ciwon yakan dawo. Barci da rawar hannu sanannun illoli ne na wasu magungunan, likita na iya rage yawansa, ko ya mayar da shi na dare, ko ya canza wani. Amma sai an faɗa masa, kuma ba wanda ya san abin da hannun ke yi kan keke sai mai hannun. Aikin jami'ar ke nan: ta haɗa likita da nas da iyali, ta duba kuɗin magani da yadda zai koma sana'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a yi shawarar jinyarsa da shi.

Malam na Obalende:
Ni ma ina ruƙiyya, kuma na sha tura mutane asibitin masu taɓin hankali na Yaba. Addu'a ba ta hana magani. Tun 1954 Farfesa Lambo, wani likitan ƙwaƙwalwa, ya riƙa ajiye marasa lafiya a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan uwansa, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Malaminku ya je, ya saurara, ya faɗi nasa.

Ɗan Gwari, Mile 12:
Hajiya, ni na kwanta irin wannan ciwon. Wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne ina zaune ana tambayar wana, yana barci? yana cin abinci? Ranar da aka tambaye ni da kaina na ce maganin safe yana hana ni fita kasuwa da asuba, aka gyara lokacin. Ku zauna da shi tun a gida ya tsara abin da zai faɗa. Ku mayar masa da makullin shago, ya fara da ƙananan gyare-gyare. Amma kada ku ture Yaya gefe, in shi ke sayen magani dole a lallashe shi ya je.

Maman Hanifa, Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya ya yarda zai je. Saura abu ɗaya, malam ba ya jin Turanci ko Yarbanci.

Nas Idi-Araba:
Ki sanar da jami'ar tun yanzu ta nemo tafinta, kada ya zama Yaya ne zai fassara wa kowa.