"Pub" da Hausa: majalisa, masauki, ko mashaya?

Jama'a, ku zo mu warware wannan. Ina fassara labarin Tan Hill Inn ne, wani tsohon "pub" a tsaunukan Yorkshire ta Ingila, wanda duk Birtaniya ba "pub" ɗin da ya kai shi bisa, mita 528 sama da teku. A Nuwamban 2021 dusar ƙanƙara ta rufe mutum kusan 60 a cikinsa har kwana uku. Sai na tsaya cak a kan kalmar.

Wani abokina ya ce in sa "majalisa", wai ai can 'yan ƙauye ke haɗuwa da yamma. Gaskiyarsa ta wani ɓangare. Asalin kalmar "public house" ce, wato gidan jama'a: murhu na ci, dattijo na da kujerarsa da ba mai hawa, ana taɗin noma da ƙwallo. Amma majalisarmu tabarma ce da shayi a gindin darbejiya. Idan na rubuta haka, mai karatu a Gusau zai ɗauka ataya ake dafawa. Na yaudare shi ke nan.

"Masauki" kuwa na "inn" ne, inda matafiya da karusan dawaki ke kwana, kamar zangon fatake. Ba kowane "pub" ke da ɗakin kwana ba.

"Gidan giya" fa? Ba ƙarya a ciki, don giya ce jarin wurin tun farko. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da ita rataye alama a ƙofa domin masu duba inganci su gane su. Da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba, sai aka riƙa zana hoto, shi ya sa har yau ake ganin jan zaki a allunansu. Dokar 1830 kuma ta bar duk mai biyan haraji ya buɗe nasa da kuɗin lasisi "guinea" biyu kacal, wato fam biyu da sule biyu. Matsalar ita ce, a kunnen Bahaushe "gidan giya" lungu ne da ake shiga ana waige-waige. Can kuwa iyali ke zuwa cin gasasshen nama ranar Lahadi, har da kaka da jikoki. A Hesket Newmarket ma, wani ƙauye a arewacin Ingila, mutanen gari ne suka yi karo-karo suka sayi nasu a 2003.

Ni dai na tsaya a kan "mashayar gari". Ku tuna, kafin kalmar ta koma ta barasa, mashaya bakin rafi ce inda makiyaya ke kai shanu, kowa ya zo, a ji labarin juna. Ta faɗi abin da ake sha ba ɓoye-ɓoye, "gari" kuma ya nuna ta kowa ce.

Malam mai "majalisa", na san ba ka gamsu ba. In kana da wadda ta fi, kawo ta kafin in miƙa aikin ranar Alhamis.