Waɗanda aka yi wa aikin fata a Saudiyya, me ya biyo baya?

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum. Za a cire wa ƙanwata tsiron da ya fito mata a kunne bayan huji, wanda likitoci ke kira kiloid. Ba aikin ne ke damuna ba, bayan an sallame mu ne. Wa ke bibiya?

Wata uwa, Makka: Ɗiyata, ku tambayi likita tun yanzu me zai yi bayan yanka. Ni an cire min a kafaɗa, aka ɗinke, aka ce in tafi. Ya dawo ya fi na da girma, ga ƙaiƙayi idan na yi gumi, har bakin riga ba na so ya taɓa wurin. A wani asibitin ne aka gaya min yanka kaɗai yakan sa ya dawo, musamman ga mu baƙar fata, sai an haɗa da allurar sitiroid a cikin tabon ko manna silikon. Asibitin farko har yau ba su san ya dawo ba. A takardarsu aiki ya yi kyau, kuma wannan yana min ciwo.

Direba, Riyad: Nawa ƙullutun kitse ne aka cire min a gadon baya. Ina da suga, ga zaman mota, sai ɗinkin ya yi ja ya fara fitar da mugunya. Na kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, suka ce in koma a duba. An wanke, an ba ni magani, alhamdulillahi.

Ma'aikaciyar jinya, Madina: Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi, amma don Allah ki koma ki nuna musu a rubuta a fayil. Ciwon da ya kama wurin ɗinki cikin kwana 30 ana lissafa shi da aikin, to wanda aka yi wa aikin fata yawanci ranar yake komawa gida, idan bai dawo ba babu wanda zai ƙirga. Yaya, ku riƙa ɗaukar hoton wurin da waya. Zaren ɗinkin fuska akan cire shi a kwana 5 zuwa 7, na gadon baya yakan kai 14. Mai shan asfirin ko wafarin, magungunan tsinka jini, ya faɗa wa likita kafin aiki, kada ya daina da kansa. Ku kuma karɓi sakamakon naman da aka kai gwaji, mutane na yawan mantawa da shi.

Mai tambaya: Na gode. Alwala fa, za ta iya shafa a kan bandejin?

Ma'aikaciyar jinya: Ta shafa sama-sama, kada ruwa ya shiga sai likita ya yarda.