Idan zaɓin yanayi gaskiya ne, me ya hana sikila ƙarewa?

Ɗalibar Bayoloji:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa a ka'idar Darwin ta zaɓin yanayi, siffar da ke cutar da mai ita takan yi ta raguwa a zuriya har ta ɓace. To ga sikila: a da yawancin masu SS ba sa girma, amma har yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Ina zaɓin yake?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam. Yana nan, ta gefe biyu yake yanka. Amosanin jini na ɗauke masu SS, zazzabin cizon sauro mai tsanani kuma ya fi kashe yara masu AA. Mai AS ya tsira a tsakiya, domin jajayen ƙwayoyin jininsa da ƙwayar zazzabin cizon sauro ta shiga sukan lanƙwashe kamar lauje, saifa ta kawar da su da wuri. Abin da S, wato ƙwayar gadon sikila, ya rasa ta hannun SS, yana mayarwa ta hannun AS. Anthony Allison ne ya nuna haka a 1954, bayan ya gwada jinin mutane a gabashin Afirka.

Ma'aikacin Lab:
Malam ya faɗi daidai. Ƙari kawai: Darwin kansa ba zai iya wannan bayanin a 1859 ba, don bai san yadda gado ke tafiya ba. Aikin Mendel, wanda ya gano dokokin gado, ya fito a 1866, ba a waiwaye shi ba sai 1900. Sai a shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano cewa amino asid (tubalin ginin furotin) ɗaya tak ya bambanta S da A a cikin himoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini.

Kuma ba sai mun je nesa ba. A binciken maleriya na Hukumar Lafiya ta Duniya a Garki, Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970, an ga kason AS ya fi yawa a manya fiye da jarirai, masu SS kuwa da ƙyar ake samunsu a manya.

Nas:
Don Allah kada mai AS ya ajiye gidan sauro. Yana kamuwa, tsananin ne ke raguwa. Idan AS ya auri AS kuma, kowane ciki lissafinsa daban: ɗaya cikin huɗu SS, ko da na fari ya riga ya zo da ita.