Zane-zanen da ke jikin fentin motata: in yi siramik a kai ko in fara goge su?

Mai Baƙar Corolla: Assalamu alaikum. Motata baƙa ce, ƙirar 2015. Idan rana ta haska ta sai ka ga siraran zane masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo, musamman a bonet. Shekara uku ina goge ta da tsumma ɗaya, busasshe. Abin yana damuna. In an shafa siramik, wato ruwan nan da ake shafawa a kan fenti ya daskare ya kare shi, zai rufe su?

Tsohon Mai Fenti: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zai rufe ba, kulle su zai yi a ƙasa, ƙyallin ma ya ƙara fito da su. Sai an wanke, an cire dattin da ya manne, a bi da injin folish, a goge maiƙon folish ɗin da barasar gogewa, sannan a shafa siramik. Amma a kula, kiliya, wato shafin nan mara launi mai ƙyalli da ke saman fenti, ba ta fi kaurin takarda ba, kusan maikuron 40 zuwa 50 (maikuron dubu ke yin milimita ɗaya), kuma kowane folish yana cin wani abu daga ciki. Mai aikin ya fara auna kaurinta. Ka ja farce a kan zanen: in ya maƙale, ya yi zurfi, wannan aikin fenti ne.

Hajiyar Mota: Malam, na yi wa tawa siramik shekara 2 ke nan, har yanzu ruwa zamewa yake yi. Tsakuwa kuwa ta fasa gaban, siramik ba ya tare ta.

Mai Baƙar Corolla: Na gode. Wanki fa?

Tsohon Mai Fenti: Bayan an shafa siramik, awa 24 kada ruwa ya taɓa ta, mako guda babu sabulu. Daga nan bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraya, da tawul mai laushi. Tsumman nan ka jefar da shi.