Corollata na shan mai kamar mai babban injin V6, ina matsalar take?

Baban Walida:
Salamu alaikum jama'a. Watan jiya na sayi Corolla 2010 'yar Kwatano, kuma saboda mai kawai na rabu da Accord ɗina, don tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 muka daina shiri da ita. Dillalin ya nuna min a waya wai tana yin "30 mpg", ya ce ai ƙamshin mai kawai take sha. To ga shi daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari nake zirga-zirga, sai kai yara makaranta, amma kwana tara tanki ya ƙone. Mene ne wannan mpg ɗin? Ko dai an yi min sakiyar da ba ruwa ne?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ma'anarsa mil nawa mota ke ci da galan ɗaya. Mil ya ɗan haura kilomita 1.6, galan na Amurka kuma lita 3.8 ne, bai kai galan mai lita 4 na 'yan bumburutu ba. Na Ingila ya haura lita 4.5, shi ya sa mota ɗaya za ka ga lamba biyu. Idan ka juya 30 ɗin nan, kusan kilomita 12 da rabi ke nan a lita ɗaya.

Sai dai a ɗakin gwaji ake samo lambar, a ɗora tayoyi kan wasu narka-narkan ƙarafa masu juyawa, mota na gudu tana nan a tsaye. Babu cunkoson titin IBB a ciki, babu 'yan adaidaita suna sa ka taka birki duk bayan taku goma.

"Kwana tara" ba awo ba ne, Alhaji. Cika tanki har bututun ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifiri. Ran da za ka sake sha, koma famfon da ka sha, ka cika, ka raba kilomitar da litar da ta shiga. Misali kilomita 320, lita 40, ka samu 8. Mu ɗauka lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, kowace kilomita naira 125 take ci maka ke nan, ban da baƙin mai da taya.

Direban Kano-Kaduna:
Oga ka hau da ita babban titi kafin ka zarge ta. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, ni da irinta lita 18 ke kai ni, in ban wuce gudu 100 ba. Ranar da na yi sauri na danna 140, sai da na ƙara mai a Zariya.

Maman Ihsan:
Ni tawa ashe iskar taya ce da filogi. Mai faci ya auna ya ce duk huɗun sun yi ƙasa. Kuma ku daina zama cikin mota da AC a kunne kuna jiran a tashi yara, ni ma da haka nake yi.

Baban Walida:
Hajiya kin kama ni, kusan minti ashirin nake yi a bakin makarantar kullum. Malam na gode, yau da safe na cika, lita 43 ta shiga, na mayar da mitar sifiri. Amma in famfon gidan man ne da kansa ba ya cika lita fa? Akwai wanda nake zargi a unguwarmu, jarkata mai lita 25 ta taɓa cinye 27 a wurinsu.