Muhawara: a cire na'urar silo ta lantarki daga injin OM603 ko a bar ta?

Mai Land Rover: Salamu alaikum, iyayen gidana. Na sayi injin gas na Marsandi OM603 ɗan Beljiyam, mai silinda 6 da lita 3, irin na Marsandi samfurin W124, zan ɗora shi a tsohuwar Land Rover ɗina. Bai zo da akwatin ELR ba, wato na'urar da ke daidaita silo (gudun injin idan ba a taka totur ba) da lantarki, kuma an ce min in kwance maganaɗisun ELR ɗin da ke bayan famfon da ke tura wa injin gas in jefar, domin ba ya ƙara wa injin komai. Shin gaskiya ne?

Mai gyaran famfo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar tana da tushe. Famfon Bosch da ke jikin injin nan yana da gwamnansa na ƙarfe, wato abin da ke daidaita yawan man da famfon ke turawa, kuma shi ne ke riƙe silo tun asali. Abin da maganaɗisun ke yi kawai shi ne ƙara ɗan mai idan akwatin ya ga gudun injin ya sauka. Injin OM617 na tsohuwar Marsandi W123 ya yi shekaru yana aiki da gwamnan ƙarfe zalla. Ku zare wayar, ku bari injin ya yi zafi, sannan ku sassauta noti ku ɗaga sukurun silo har karkarwar ta lafa.

Mai wayarin: Maigida, ku gafarce ni, amma cewa ba ya ƙara komai kuskure ne. Akwatin yana karanta gudun injin daga sansar da ke kallon filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan injin, yana kuma duba zafin ruwa, shi ya sa yake ɗaga silo da sanyin safiya, ya kuma tare injin a daidai lokacin da kwamfuresar esi ta kama ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Sukuru kuwa matsayi ɗaya ya sani. Na taɓa tsayawa gaban wata Marsandi 300D da aka zare wa wayar: esi na kamawa sai madubin gefe ya fara rawa, fitilar caji ta yi ja-ja, direban kuma ya riƙa tallafe ta da totur a cikin cunkoso.

Mai gyaran famfo: Ɗana, wannan silon ba a ɗaga shi ba ne bayan an zare wayar. Ban da haka, a ina za ka ɗaura sansar taka? Alhaji zai haɗa injin da giyar Land Rover, za a sa farantin haɗi, wataƙila ma a sauya filawil, kuma da zarar siginar ta tafi, akwatin ya zama kwali.

Direban daji: Ni ina bayan Maigida. Wanda zai shiga hanyar da babu mai wayarin sai bayan tafiyar yini, ƙarancin waya shi ne kwanciyar hankalinsa, tunda ko kashe injin nan da iskar bakyum ake yi, ba da lantarki ba.

Mai wayarin: Na yarda a kan motar daji mai giyar hannu wadda ba ta da esi. Amma idan akwai esi ko giyar otomatik, dole a ɗaga silo sama da yadda kamfani ya tsara domin ya ɗauki nauyin, daga nan kuma motar za ta riƙa fizga idan an sa giya, ta sha gas a tsaye. Alhaji, wace iri ce taku?

Mai Land Rover: Giyar hannu ce, esi kuwa tun ina saurayi ya mutu.

Mai gyaran famfo: To, ku zare wayar. Sai dai maganar jefar da maganaɗisun ban yarda da ita ba: man injin ne ke zagayawa cikin famfon nan, kuma idan kuka kwance shi kun bar rami a bayan gwamna, mai zai zuba, ƙura ta shiga. Ku bar shi a ɗaure, ku naɗe soket ɗin da tef.

Mai wayarin: Kuma kada ku gutsure soket ɗin, Alhaji, domin ranar da kuka gyara esi ni za ku nema.